Muguwar Iskar Ƙarƙashin Ƙasa da Sabon Gini a Faraku da Jugu

1. Garuruwan biyu

Faraku da Jugu garuruwa ne a arewacin Jamhuriyar Benin. A taswira ana rubuta su Parakou da Djougou, bisa ƙa'idar rubutun Faransanci. Faraku ita ce hedikwatar jihar Borgu, Jugu kuwa ta jihar Donga, tsakaninsu tafiyar kilomita 130 da 'yan kai. Hausawa sun daɗe da sanin su. A ƙarni na 19, ayarin fatake da suka tashi daga Kano ko Sakkwato za su Gwanja sayen goro sukan ƙetare kogin Kwara, su bi ta Nikki, su ya da zango a Faraku da Jugu, sa'an nan su miƙa har Salaga. Wasu fataken sun zauna, suka yi aure, suka hayayyafa. Shi ya sa har yau ana jin Hausa a kasuwannin garuruwan, tare da Dandanci da Barbanci da sauran harsunan ƙasar.

Tun da hanyar jirgin ƙasa daga Kwatano ta iso Faraku a 1936, garin ya zama mashigar kayan da ake kaiwa Nijar. A 2001 aka buɗe jami'a a cikinsa. Ƙidayar 2013 ta nuna mutanen gundumar Faraku sun haura 250,000, haka ma na gundumar Jugu. In mutane suka yawaita, sai fili ya yi tsada. In fili ya yi tsada, sai a soma gini a wuraren da magabata suka ƙi: fadama, da tsohon juji, da ramin da aka ɗebi ƙasa aka cike da shara. Ana kuma haƙa rijiya da sokawe da tankin ruwa a cikin ƙaramin tsakar gida, kusa da ɗakunan kwana. Duk waɗannan suna haɗa ɗan Adam da wani abu da ido ba ya gani, wato iskar da ke cikin ƙasa.

2. Kalmar iska

Kalmar iska tana da ma'ana biyu a Hausa. Akwai iskar da ake shaƙa, mai kaɗa ganye. Akwai kuma iska, jam'inta iskoki, wato aljannu ko mutanen ɓoye. Idan mai yasar rijiya ya shiga lafiya lau, aka fito da gawarsa ba rauni ba jini, mutane sukan ce rijiyar tana da iska. Maganarsu gaskiya ce ta wata fuska, domin iska ce ta kashe shi, amma iska irin wadda ake iya aunawa, ake kuma iya kora.

Ƙasa ba dunƙulalliya ba ce. Tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa da marmara akwai 'yan kafofi, a jikin dutse kuma akwai tsaga. Wasu kafofin ruwa ne ya cika su, wasu iska. Iskar nan ta bambanta da ta sarari. A sarari, kashi 21 cikin 100 na iska oksijin ce, wadda numfashi ya dogara a kanta. A cikin ƙasa kuwa, saiwoyi da ƙwayoyin halitta suna cinye oksijin, suna fitar da wasu iskokin. In ta fito fili, sai ta baje ba ta cuci kowa ba. In ta sami rufaffen wuri, nan take taruwa.

3. Iri huɗu masu haɗari

Ta farko ita ce kabon dayokzayid, irin wadda mutum ke fitarwa in ya yi numfashi. Ruɓewar ganye da shara tana samar da ita. Ba ta da launi, ba ta da wari, nauyinta kuma ya kai ninki ɗaya da rabi na iskar sarari. Saboda haka takan kwanta a gindin rami kamar yadda ruwa ke kwanciya a kwari, ta kori oksijin. Wanda ya shiga cikinta sai ya ji jiri da haki, in ta yi yawa ya faɗi cikin ɗan lokaci. Misali mafi girma a wannan yanki na Afirka ya faru a Kamaru. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos ya amayar da wannan iska, ta gangara ƙauyukan da ke kwari, ta kashe mutane fiye da 1,700 da dubban shanu, yawancinsu Fulani da manoma da ke barci. Kafin nan, a 1984, tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya.

Ta biyu ita ce metan, ana iya kiranta iskar juji. Takan samu ne inda abu ya ruɓe ba tare da oksijin ba, kamar ƙarƙashin tarin shara, ko cikin taɓon fadama, ko cikin masai. Ba ta da nauyi, don haka sama take yi, ta taru a ƙarƙashin daɓe ko rufi. Haɗarinta wuta ne. In ta kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar ɗaki, ashana ɗaya ko tartsatsin makunnin lantarki ya isa ya tarwatsa ginin. Ran 24 ga Maris 1986, a ƙauyen Loscoe na Ingila, wani gida da ke kusa da tsohon ramin shara ya fashe da sassafe, mutum 3 da ke ciki suka ji rauni ƙwarai. Bincike ya nuna iskar ta bi ta cikin tsagar duwatsu ne daga jujin har ƙarƙashin gidan. Tun daga nan aka tsananta dokar gini a kusa da juji a ƙasar.

Ta uku ita ce haidirojin salfayid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ita ce sarauniyar sokawe da masai. Tana da wata makida: in kaɗan ce hanci yana jin ta, amma in ta yi yawa sai ta kashe jijiyar jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi, alhali a lokacin ne ta fi ƙarfi. In ta kai maƙura, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta ka da ƙato.

Ta huɗu ita ce radon. Ita ba ta kisa nan take, aikinta sannu a hankali ne, don haka tana bukatar bayani na dabam.

4. Radon da dutsen Borgu

Ma'adinin yuraniyom sananne ne ga Hausawa, domin tun 1971 aka soma haƙarsa a Arlit ta Nijar. Amma ba a Arlit kaɗai yake ba. Kusan kowane dutse yana ɗauke da ɗan kaɗan, musamman dutsen giranit da danginsa. Yuraniyom yana rikiɗa a hankali ya zama wasu sinadarai, har ya kai ga radiyom, shi kuma radiyom ya haifi radon. Sauran duk daskararru ne, suna nan cikin dutse. Radon ce kaɗai iska, saboda haka tana iya sulalewa ta tsaga ta taso. Rayuwarta gajera ce: cikin kwana 4 ba kaɗan, rabinta ya rikiɗe. Amma abin da take rikiɗewa ta zama yana manne wa ƙura, mutum ya shaƙa, ya sauka a huhu yana ƙona shi da tururin da ba a gani. Bayan shekaru, wannan kan jawo sankarar huhu.

Tun ƙarni na 16 aka lura masu haƙar ma'adinai a Schneeberg ta Jamus suna mutuwa da wani ciwon ƙirji, a 1879 likitoci suka gane sankarar huhu ce. Amma an daɗe ana ɗauka matsalar ta mahaƙa ce kawai. A ƙarshen 1984, wani injiniya a wata sabuwar tashar nukiliya a jihar Pennsylvania ta Amurka ya riƙa sa na'urar tsaro tana ƙara duk lokacin da ya bi ta cikinta, alhali tashar ba ta soma aiki ba. Da aka bincika sai aka tarar daga gidansa yake ɗauko abin. Ana auna radon da ma'aunin da ake kira bekarel a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi ta iska. A gidan nan an sami kimanin bekarel 100,000, alhali a sarari ba ta cika wuce 5 zuwa 15 ba.

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada radon ta wuce bekarel 100 a gidan zama, in kuwa ƙasa ba ta iya cim ma wannan ba, to kada ta haura 300. Hukumar ta ce radon ce ke jawo tsakanin kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na sankarar huhu, gwargwadon ƙasa, kuma bayan taba babu abin da ya fi ta. Mai shan taba ya fi wanda ba ya sha shiga haɗarinta nesa ba kusa ba, kamar ninki 25.

Faraku da Jugu duk suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, dangin giranit, irin wanda ya shimfiɗu daga tsakiyar Benin har Zariya da Kano. A samansa akwai marmara da ruɓaɓɓen dutse. Irin wannan ƙasa ce masana ke sa wa ido game da radon. Sai dai dutse bai isa ya yanke hukunci ba. Gidaje biyu maƙwabta, ɗaya yana iya samun mai yawa, ɗayan kaɗan, domin abin ya danganta da tsagar da ke ƙarƙashin kowanne, da irin daɓensa, da yadda iska ke ratsa ɗakunansa. Awo ne kaɗai ke nuna halin da gida yake ciki. Akwai wata 'yar na'ura kamar gwangwanin tumatir da ake ajiyewa a ɗakin kwana na aƙalla wata 3, sa'an nan a aika da ita ɗakin bincike.

5. Yadda iska ke shiga ɗaki

Ɗaki yana zuƙar iska daga ƙasa kamar yadda bututun hayaƙi ke yi. Iskar ɗaki in ta fi ta waje ɗumi, sai ta tashi ta fita ta sama, wata ta maye gurbinta. In taga a buɗe take, ta nan sabuwar za ta shigo. In an rufe ko'ina, sai ɗakin ya jawo ta daga ƙarƙashinsa: ta tsagar daɓe, ta mahaɗar daɓe da bango, ta gefen bututun ruwa da na waya, ta ramukan da ke cikin bulo, ta magudanar banɗaki.

Lokaci ma yana da tasiri. A arewacin Benin damina kan kama daga wajen Mayu zuwa Oktoba. In ruwa ya jiƙa fili, sai ya toshe kafofin ƙasa, iskar da ke ƙoƙarin fita ta nemi busasshen wuri, busasshen wuri kuwa shi ne ƙarƙashin gida. Da hunturu kuma, a Disamba da Janairu, mutane kan toshe tagogi saboda sanyi da ƙura, su kwana a rufe.

Tsohon tsarin gida yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Ana wuni a tsakar gida ko zaure, ana girki a waje, da bazara a kwana a fili, ƙofa kuma asabari ne ko labule. Iska tana shiga tana fita. Gidan zamani kuwa yana da tagar gilashi, da silin, da na'urar sanyaya ɗaki wadda ba ta aiki sai an rufe ko'ina ruf, ga banɗaki a cikin ɗakin kwana, bututunsa ya nufi sokawe kai tsaye. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa irin na Turai ba ruwan dare ba ne a waɗannan garuruwa, amma akan same shi a manyan gine-gine, a matsayin ma'ajiya ko wurin ajiye mota. Shi ya fi kowane ɗaki haɗari, domin ƙasa ta kewaye shi ta ƙasa da ta gefe huɗu.

6. Kafin a sa harsashi

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Kāriyar da aka sa lokacin gini ba ta da tsada, wadda za a sa bayan an tare kuwa sai an fasa daɓe. A garin Gorebridge na ƙasar Sikotilan, an gina sabuwar unguwa a kan tsofaffin ramukan kwal ba tare da shimfiɗar kāriya ba. A 2013 mazauna suka soma ciwo saboda kabon dayokzayid, daga bisani aka kwashe su, aka rushe gidaje 64.

Mataki na farko shi ne sanin tarihin fili. Takardar filoti ba ta faɗin abin da ke cikin ƙasa, amma mai unguwa da dattawan wurin sun sani. A tambaye su: nan da can juji ne, ko kududdufi, ko majema, ko mahauta? Akwai tsohuwar rijiya ko salga da aka binne? Sa'an nan a haƙa ramukan gwaji. In aka ga baƙar ƙasa mai wari, da tsummoki da leda da gwangwani, to ciko ne. Shara da aka binne tana iya shekara 20 ko fiye tana fitar da metan da kabon dayokzayid, bugu da ƙari tana lotsawa, bango ya tsage. Abin da ya fi shi ne a kwashe ta duka har a tarar da ƙasa ta asali, a cike da marmara mai tsabta, a daddaɓe.

7. Hanyoyin kāriya a sabon gini

Dabarun duk sun koma ga abu biyu: a toshe wa iska hanyar shiga ɗaki, a kuma buɗe mata wata hanyar da za ta fita sarari. Ɗaya ba ta wadatarwa sai da ɗayar.

Da farko, a shimfiɗa tsakuwa wankakkiya, kaurin santimita 10 ko fiye, a ƙarƙashin inda za a zuba kankaren daɓe. Tsakuwa tana da manyan kafofi, iska tana yawo a cikinta ba wahala.

Na biyu, a binne bututun roba mai huje-huje a cikin tsakuwar, faɗin bakinsa kamar santimita 10, a haɗa shi da wani wanda zai hau jikin bango har ya zarce rufi, nesa da taga. Rana in ta gasa bututun, iskar cikinsa sai ta tashi, ta jawo ta ƙasa. In awo ya nuna wannan bai isa ba, akan ɗaura masa 'yar fanka mai aiki dare da rana.

Na uku, a shimfiɗa leda mai kauri a kan tsakuwar. Magina sun riga sun saba da sa leda don hana damshi, amma ta iska tana bukatar kulawa fiye da haka. Kada kaurinta ya gaza milimita 0.3. Inda falle biyu suka haɗu, ɗaya ya hau kan ɗaya da aƙalla santimita 15, a liƙe da gam ko tef. Ta ƙetare har kan harsashi, kada ta tsaya a bakin bango. A zuba yashi mai laushi a ƙarƙashinta don kada tsakuwa ta huda ta. Galibi a nan aiki ke lalacewa: lebura ya taka da takalmi mai ƙusa, ko rodi ya soke ta, ko mai aikin famfo ya zo daga baya ya yage ta don ya wuce da bututu. Ƙaramar ɓula ta isa ta ɓata aikin, don haka mai gida ko wakilinsa ya duba da idonsa kafin a zuba kankare.

Na huɗu, a liƙe gefen kowane bututu da ya ratsa daɓe, a cike ramukan bulon da ke layin ƙasa da siminti.

Na biyar, kowace magudana ta banɗaki da kicin ta kasance da lanƙwasa mai riƙe ruwa. Ɗan ruwan nan shi ne ƙofar da ke tsare iskar sokawe. In an daɗe ba a yi amfani da banɗaki ba, ruwan kan ƙafe, sai wari ya cika ɗaki. Maganin abin buta ɗaya ce ta ruwa. Sokawe kuma a yi masa nasa bututun numfashi mai tsawo. Haka ma masai. A shekarun 1970, a cibiyar bincike ta Blair da ke Zimbabuwe ta yanzu, Peter Morgan ya tsara masai mai dogon bututu da raga a bakinsa, wanda ke fitar da wari ta sama, ya kuma kama ƙuda. Wannan tsari ya bazu a Afirka.

Na shida, a bar wa ɗaki kafofin shan iska a bango biyu masu fuskantar juna. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa, a naɗe bangonsa da shimfiɗar kāriya ta waje, a sa masa fanka mai shigo da iska, kada a mai da shi wurin kwanan maigadi, kada kuma a ta da janareta a cikinsa.

8. Rijiya da sokawe

Mutuwar gaggawa ta fi aukuwa a rami, ba a ɗaki ba. A ƙasa mai dutse irin ta Faraku da Jugu, rijiyoyi kan ja baya a ƙarshen rani, wajen Maris da Afrilu, lokacin ne ake kiran masu yasa da masu ƙara zurfi. Tsofaffin mahaƙa suna da dabara: sukan zura fitila da igiya, in ta mutu sai su fasa shiga, su ɗaura ganye a igiya suna sama da ƙasa da shi har iskar ta sauya. Dabarar tana da tushe, domin harshen wuta yana mutuwa tun kafin oksijin ta ragu har ta ka da mutum. Amma tana da iyaka. Ba ta nuna iskar ruɓaɓɓen ƙwai, kuma in akwai metan, ita kanta fitilar ce za ta ta da gobara. Saboda haka ba a kusantar bakin sokawe ko masai da wuta ko taba.

Wani sabon haɗari shi ne injin jan ruwa mai amfani da fetur. In aka zura shi cikin rijiya, hayaƙinsa mai ɗauke da kabon monokzayid yana cika ramin cikin 'yan mintoci. Inji a waje yake zama, tiyo kaɗai ke sauka.

Ƙa'idojin shiga rami kaɗan ne. A buɗe shi ya sha iska tukuna, in da hali a hura masa iska da fanka. Mai shiga ya ɗaura igiya a ƙirji, mutum biyu suna riƙe da ita a sama, suna yi masa magana ba ƙaƙƙautawa. In ya yi shiru, a jawo shi. Kada wani ya bi shi. Sau da yawa labarin iri ɗaya ne a ko'ina: mutum ya shiga ɗauko guga ko wayar hannu ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi ya faɗi, maƙwabci ya bi su, gawa ɗaya ta zama uku. Iskar da ta ka da na farko tana nan tana jiran na biyu. Abin yi shi ne a kira 'yan kwana-kwana, a ci gaba da hura iska cikin ramin kafin su iso.

9. Kammalawa

Kabon dayokzayid tana shaƙe mutum, metan tana kama wuta, iskar ruɓaɓɓen ƙwai guba ce, radon kuma tana cin huhu a tsawon shekaru. Asalinsu dabam-dabam ne, amma duk a rufaffen wuri suke samun ƙarfi. Kayan kāriyar kuwa ba baƙi ba ne ga magini a Faraku ko Jugu: tsakuwa, da leda, da bututun roba, da taga. Abin da ake bukata shi ne a tambayi tarihin fili kafin a saya, a sa waɗannan kaya a muhallinsu kafin a zuba kankare, a kuma auna iskar ɗaki bayan an tare.